Busasshen Ɓauren Aydin: Abin da Na Samu a Cikin Kilo Ɗaya

A makon ƙarshe na watan Sha'aban na shiga wani shago a Kano, irin shagunan nan da ke sayar da dabino da zabibi da zuma da man zaitun, ba da niyyar sayen komai ba face dabinon buɗa-baki. A kan kanta, kusa da ma'auni, na ga an jera wasu kwalaye masu murfin leda, cike da busasshen ɓaure mai launin ruwan zuma, an danne kowane ɗaya an kwantar da shi a jikin ɗan'uwansa. Mai shagon bai kira shi ɓaure ba, “tin” ya ce, kamar yadda sunan ya zo a sura ta 95 ta Alƙur'ani mai girma, ya kuma ƙara da cewa daga Turkiyya aka kawo shi. A jikin kwalin an rubuta Aydin, wato lardin da aka noma shi, an rubuta Sarilop, wato sunan irin, sannan an sa lamba 3. Kuɗin kilo ɗaya ya kusan ninka na dabinon da na saba saye sau uku, don haka sai da na yi jim kafin na ce a ɗauko mini. Kwana ashirin muka yi muna cin wannan kilo ɗaya a gidana, kuma babu ƙwayar da aka kai baki ba tare da an tsaga ta an duba cikinta ba.

Lambar da ke jikin kwalin ba ado ba ce. Turkawa suna kasa busasshen ɓaure gwargwadon yawan ƙwayoyin da ke cika kilo: lamba 1 ba ta wuce 40, lamba 2 daga 41 ce zuwa 45, lamba 3 kuwa daga 46 zuwa 50. Na zazzage kwalin a faranti na ƙirga, na samu 48, saboda haka ta wannan fuska ba a yi mini ha'inci ba. Fatarsa siririya ce, tana da taushi, ba ta da ƙarfin da zai sa a yi ta fama da ita da haƙori, kuma idan aka ja ƙwaya da yatsu biyu sai ta buɗe a hankali, cikinta ya bayyana kamar zumar da ta daskare, cike maƙil da 'ya'ya ƙanana masu launin riɗi. Zaƙinsa ba ya ginsar mutum da wuri kamar na wasu dabinai. Abin da ya fi riƙe ni shi ne 'ya'yan nan, domin suna fashewa a ƙarƙashin haƙori da ɗan ƙara, suna sakin wani ɗanɗano mai maiƙo wanda ya yi kama da na soyayyen riɗi, kuma shi ne yake daɗewa a baki bayan zaƙin ya wuce.

A daren farko babbar 'yata ta ƙi ci. “Abba, ashe ba ka san akwai mataccen ƙwaro a cikin kowane ɗaya ba?” in ji ta, domin ta ga ana faɗin haka a waya, har ana cewa abin da ke ƙara a baki ƙwan ƙwaron ne. Maganarta ta mayar da ni ƙuruciya, lokacin da muke tsintar ɓaure a ƙarƙashin babbar bishiyar da ke bakin rafin garinmu. Idan ka tsaga nunanne, sai ka ga ƙananan ƙwari baƙaƙe suna kai-kawo, wasu kuma jajaye-jajaye marasa fukafuki suna mutsu-mutsu a tsakanin 'ya'yan, mu hure su da baki mu ci abinmu. Kakata takan ce mai son cin ɓaure ba ya tona cikinsa. Tsoron yarinyar ke nan yana da tushe, amma an haɗa mata gaskiya da abin da ba haka yake ba, kuma ba za a iya yi wa wannan kaya adalci ba sai an warware zancen ƙwaron, tun da shi ne sanadin ɗanɗanon da na biya kuɗi dominsa.

Abin da muke kira ɗan ɓaure jaka ce da ta rufe ɗaruruwan furanni a cikinta, shi ya sa babu wanda ya taɓa ganin bishiyar ɓaure ta yi fure a waje. Iska ba ta isa ta kai bununi wurin waɗannan furanni ba, kamar yadda take yi a gonar gero, ƙudan zuma ma ba shi da hanyar shiga. Ƙofa ɗaya ce tak, 'yar cibiyar nan da ke gindin ɗan ɓauren, ita ma a toshe take da ɓawo-ɓawo masu hawa kan juna. Wanda yake iya kutsawa ta nan wani ɗan ƙwaro ne, dangin rina da zanzaro, wanda tsawonsa bai fi milimita 2 ba, kuma ba ya harbin mutum. Dangin ɓaure a duniya sun haura iri 750, ceɗiya da durumi da gamji duk suna ciki, kuma galibinsu kowane iri da nasa ƙwaron. Na wannan ɓaure da ake nomawa a ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, masana suna kiransa Blastophaga psenes. Rabin sunan na ƙarshe daga tsohon Girkanci ya fito, domin tun zamanin masanin falsafa Aristotal manoman Girka sun san da ƙwaron, suna kuma rataya 'ya'yan ɓauren daji a jikin na gona saboda shi.

Wannan iri yana da namiji da mace, kamar gwanda da dabino. Bishiyar da ake ɗauka a matsayin namiji tana yin 'ya'ya marasa daɗi waɗanda ba a ci, kuma a cikinsu ne ƙwaron yake haihuwa. Macen ƙwaron takan matsa ta shiga ta cibiya, sau da yawa fukafukanta su cire a hanya, ta saka ƙwai ɗaya-ɗaya a cikin furanni masu gajeren wuya, sannan ta mutu. Idan 'ya'yanta sun girma, mazan ne ke fara fitowa, ba su da fukafuki, su barbari matan tun suna cikin ɗakunansu, su ƙare rayuwarsu a nan ba tare da sun ga hasken rana ba. Matan su fito ta cibiya, su goga jikinsu da furannin maza da ke bakin ƙofar, su tashi ɗauke da bununi, kuma kwana ɗaya ko biyu kawai gare su su sami wani ɗan ɓauren. Wadda ta faɗa cikin na bishiya mace, wato irin wanda muke ci, takan tarar da furanni masu dogon wuya, tsinken da take saka ƙwai da shi ba ya kaiwa ƙasa. Za ta yi ta zagaye tana gwadawa, tana shafa wa furannin bununi, har ƙarfinta ya ƙare ba ta saka ƙwai ko ɗaya ba. Gawarta, wadda ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, wani sinadari mai suna fisin da ke cikin ɗan ɓauren yana narkar da ita tun makonni kafin ya nuna. Abin da ke ƙara a baki ke nan iri ne, tsabar iri, ba ƙwai ba.

Namu ɓauren na bakin rafi tsarinsa daban ne, kuma wannan ne ya raba su. Shi bishiya ɗaya ce take haɗa komai: a cikin ɗan ɓaure guda ake samun furannin da za su zama iri da waɗanda za su zama ɗakin renon ƙwaro, ƙwaron nasa kuma wani ne daban mai suna Ceratosolen arabicus. Baƙaƙen da muke hurewa muna yara matan ne da suka ƙyanƙyashe suna shirin tashi, jajayen kuwa mazan ne. Kakata ta yi gaskiya game da ɓauren da ta sani. Na Aydin ba a haihuwa a cikinsa, kuma a cikin ƙwaya 48 ɗin da muka tsaga ban ga ko ƙafar wannan ƙwaro ba, alhali har da madubin ƙara girma na duba goma daga ciki don yarinyar ta gani da idonta.

Irin Sarilop ba ya riƙe 'ya'yansa sai ƙwaron ya shiga. Idan bai shiga ba, 'ya'yan sukan yi rawaya su zube tun suna ƙanana. Saboda haka manoman Aydin, a garuruwa irin su Germencik da Nazilli da Incirliova da ke kwarin kogin Menderes, ba sa barin abin ga sa'a. A watan Yuni sukan tsinko 'ya'yan bishiyar namiji, waɗanda suke kira “ilek”, da sassafe kafin ƙwarin su tashi, su zuba a 'yan jakunkunan raga su rataya a rassan matan, su kuma maimaita haka sau biyu ko uku da tazarar kusan mako guda. Har kasuwa ake ci ta wannan ɗan ɓaure da ba a ci, wanda ba shi da bishiyar namiji ya je ya saya. Duk wanda ya ga masu dabino a Dutse ko a Agadas suna hawa bishiya suna sa furen namiji a cikin na mace zai gane aikin nan take, bambancin kawai shi ne a nan ƙwaro ne yake ƙarasa abin da hannu ba zai iya ba. Aikin yana son gwaninta, domin idan aka rataya kaɗan 'ya'ya su zube, idan aka cika kuma iri ya yi yawa a ciki har ɗan ɓauren ya tsage. A watannin Agusta da Satumba ake barinsa ya nuna ya yanƙwane a kan reshe har ya faɗo da kansa, a tsince shi a shanya a rana na 'yan kwanaki. Turkiyya ce ta fi kowace ƙasa noman ɓaure, tana samar da fiye da tan dubu 300 a shekara a 'yan shekarun nan, kuma a 2016 Tarayyar Turai ta sa ɓauren Aydin a jerin kayan da ake kare sunan asalinsu.

Na so in tabbatar wa kaina cewa barbarar nan tana da tasiri a abin da nake ci, ba labari ba ne kawai. Wani maƙwabcina yana da bishiyar tin a tsakar gidansa, irin wadda take nuna ba tare da ƙwaro ba, sai na roƙe shi ƙwaya biyu. Na wanke 'ya'yan nasa a kofi ɗaya, na Aydin a wani kofin, na zuba ruwa na ajiye. Kafin in gama alwala na Aydin kusan duka sun nutse sun kwanta a ƙasan kofi, nasa kuwa suna yawo a saman ruwa, kuma da na murje su da farce sai na ga ɓawo ne kawai babu komai a ciki. Ɓauren maƙwabcina yana da zaƙi da ruwa, ɗanyensa abin marmari ne, amma ba shi da wannan maiƙo mai kama da riɗi, domin irin da ba a barbara ba fanko ne. Wannan gwaji na kofi biyu shi ne ya sa na daina ganin kuɗin da na biya a matsayin tsada marar dalili.

Akwai darasi a nan ga masu sha'awar dasawa, waɗanda na ga sun yawaita. A shekarun 1880 Amurkawa sun kai dashen wannan iri Kalifoniya daga birnin Izmir na Turkiyya, wanda a da ake kira Simirna, bishiyoyin suka kama suka yi kyau, amma shekara da shekaru 'ya'yan suna zubewa ɗanye. Sai a 1899, da wani masanin tsirrai na ma'aikatar gona ta Amurka, Walter Swingle, ya aiko da 'ya'yan namiji masu ƙwaro a ciki daga Aljeriya, aka rataya su a gonar George Roeding da ke Fresno, sannan aka fara girbi na kirki, har aka raɗa wa ɓauren sunan Calimyrna. Wanda ya shuka 'ya'yan wannan busasshen ɓaure a Kano ko Zariya zai iya ganin sun tsiro, tun da irin mai rai ne, amma ƙwaron ɓauren rafinmu ba zai yi masa aiki ba. Mai son tin a gidansa ya nemi dashen irin da ke nuna da kansa, kamar Brown Turkey ko Black Mission.

Yanzu sai aibi, kuma ba ƙarami ba ne. Daga cikin 48, guda 43 lafiyarsu ƙalau. Uku sun yi tsami, da ka buɗe sai wari irin na ƙullun da ya kwana ya bugi hancinka. Ɗaya tana da tsutsa da ɗan saƙar zare da gari-gari a ciki, irin abin da ake gani a tsohon dabino, wannan kuwa ƙwaron ajiya ne, ba shi da haɗi da mai barbara. Ta ƙarshen ita ce ta tayar mini da hankali, domin daga waje ba ta da maraba da sauran, amma cikinta baƙi ƙirin ne da funfuna, kamar an barbaɗa garin gawayi. Ƙofar nan da ƙwaron yake shiga ita ce kuma hanyar ƙananan ƙudaje da buzuzu masu kawo tsami, kuma shi kansa ƙwaron yakan ɗauko cuta daga ɗan ɓauren namiji idan manomi bai zaɓi mai lafiya ba, shi ya sa masu kula suke kwashe jakunkunan su ƙone bayan an gama. Wasu nau'o'in funfuna suna haifar da gubar aflatoksin, wadda manoman gyaɗa da masara suka san illarta ga hanta. Kamfanonin da ke shirya ɓaure a Turkiyya suna bi da shi ƙarƙashin wata fitila a ɗaki mai duhu, irin wadda ake gane jabun kuɗi da ita, su tsame duk wanda ya yi ƙyalli kore-kore, amma fitila waje take gani, ba ta shiga ciki. Abin da ya kamata mai saye ya ji tsoro ke nan funfuna ce, ba ɗan ƙwaron da ya riga ya narke ba, kuma maganinta shi ne a tsaga kowace ƙwaya kafin a ci, musamman wadda za a miƙa wa yaro. Abu Dawud ya ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tsohon dabino, sai ya riƙa bincika shi yana fitar da tsutsar da ke ciki. Haka muka yi da ɓauren nan a kowane buɗa-baki.

Farin garin da ke kwance a bayan wasu ƙwayoyin ba aibi ba ne, ko da yake uwargida ta so ta zubar da su. Sukarin cikin ɓauren ne yake tsattsafowa ya bushe idan ya daɗe a ajiye. Idan ka taɓa shi da jiƙaƙƙen yatsa ya narke, ka ɗanɗana ka ji zaƙi, to sukari ne. Funfuna kuwa tana da gashi-gashi kamar auduga, da warin ɗakin da ya sha damina a rufe.

Wani ɓangare na laifin na shagon ne, kuma na koma na gaya wa mai shi. Kwalayen suna kan kantar da rana take bugawa ta gilashi tun daga azahar, a garin da zafin bazara yake haura digiri 40, alhali wannan kaya wuri mai sanyi da bushewa yake so. Na nuna masa baƙar ƙwayar a cikin takarda. Ya karɓa ya juya ta, ya ce, “Wallahi Malam, haka ake kawo mana, mu ba ma buɗewa.” Na ce, “Alhaji, ba cewa na yi kai ka sa mata ba, amma ko cikin shagon ka mayar da su, nesa da rana, ai da sauƙi.” Ya yi mini alheri ya ƙara mini dabino a madadin biyar ɗin da suka lalace, kuma da na sake wucewa bayan Sallah na tarar ya sauya musu wuri. Kwalin kansa yana da nakasu biyu. An rubuta ranar da zai daina amfani, amma ba a rubuta shekarar girbi ba, wadda ita ce ta fi amfani ga mai saye, tun da sau ɗaya ake girbinsa a shekara. Sannan murfin ledar idan aka yage shi ba ya sake rufuwa, dole muka juye a kwalba mai murfi muka sa a firiji, wutar lantarki kuwa ba kullum take tsayawa ba, don haka na ƙarshe-ƙarshen sun ɗan taurare.

Ta fuskar ci, hanyar da ta fi yi mana daɗi ita ce a tsaga biyu ko uku a jiƙa a ruwan ɗumi tun la'asar, zuwa magariba sun kumbura sun yi laushi, a ci a kuma sha ruwan. Mahaifiyata, wadda haƙoranta ba sa son abu mai tauri, ta fi so a yayyanka mata a kunun gyaɗa, kuma idan an yi haka ba ta neman a sa sukari. A kindirmo ma ya dace ƙwarai. Giram 100 na busasshen ɓaure yana da kusan giram 10 na harza mai taimaka wa hanji, shi ya sa yake sauƙaƙa bayan gida ga mai azumi, yana kuma da sinadarin kalsiyam kimanin miligiram 160. Amma kusan rabin nauyinsa sukari ne, don haka mai ciwon sukari kada ya ruɗu da masu tallan da ke jera masa cututtuka goma da wai tin yake warkarwa. Abinci ne mai kyau mai albarka, kuma a matsayin abinci na saye shi.

Na taɓa cin ƙananan busassun nan farare masu tauri na ƙasar Iran, da waɗanda ake dannewa a jera a igiya irin na Afganistan da alhazai suke tsarabarsu. Na Iran sun fi jure zafi da ajiya saboda sun fi bushewa, kuma ga gidan da ba shi da firiji su ne zan ce a saya. Amma a taushi da kauri da cikar iri, na Aydin yana gaba da su nesa. Asarar biyar cikin 48 ta yi mini yawa a kaya mai wannan kuɗi, kuma ina da yaƙinin cewa da an adana shi yadda ya kamata, da masu tsamin ba su kai uku ba. Zan sake saye, amma rabin kilo, kuma a watan Nuwamba ko Disamba, lokacin da sabon girbi yake isowa kuma hunturu ya shigo, sannan zan nemi mai shagon ya buɗe kwali ɗaya mu tsaga ƙwaya biyu ko uku a gabansa kafin a auna mini.